Shagon masu sulu a gangaren Jos: taya da koyarwa sun yi, hular kwano da saura

Duk wanda ya taɓa tura Keke Napep ɗin da mai ya ƙare mata a Jos ya san garin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Muna zaune kusan mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma da wuya ka yi 'yar tafiya ba ka hau tudu ko ka gangara ba. Mu kanikawa da wannan hawa da sauka muke cin abinci, don shi ke cinye birki da kuloci. Yaran yanzu kuma sun samo masa wani amfani: su hau siketbod, allon nan mai taya huɗu, su sako daga saman tudu ba inji ba birki. Akwai wani shago a cikin gari da ke sayar musu da kayan, yana gyara, yana koyarwa, kuma shi ya haɗa gasar da aka yi da damina ta ɗauke. Iyaye da dama sun tare ni a gareji suna tambaya ko wurin kirki ne. Allo, taya, safar hannu da koyarwa, ba ni da haufi a kansu. Hular kwano kuwa a nemo ta wani wuri.

Ni dai ba na hawa, gwiwa ba za ta yarda ba. Gyaran babur nake yi a Dilimi, da aka hana acaɓa a cikin gari na koma kan Keke. Mahayin ɗan ƙanwata ne da ke zaune a wurina yana jiran shiga jami'a. Ni ke biyan kuɗi, kuma ni uwarsa za ta tsare in ya koma gida ba haƙori.

Shagon yana cikin layukan bayan Terminus, ba wata alama a ƙofa. Daga waje sai ka ɗauka na kayan ƙwallo ne, rigunan Arsenal da Barcelona a rataye, takalman gwanjo a ƙasa. Sai ka kutsa ciki za ka ga bangon baya da alluna a jere, wasu Sector 9, wasu Landyachtz, wasu ma sunan ya goge, ga benci da gwangwanayen madara cike da noti da washa. Kusan duka gwanjo ne da ke shigowa ta Legas. Mai shagon matashi ne, bai wuce shekara 30 ba, gwiwar hannunsa duk tabo.

Yaron namu yana shiga ya ɗora hannu kan wani gajeren allo mai zanen wuta. Mai shagon ya ce masa, "Ina za ka hau?" Ya ce wajen Lamingo. "To ajiye wannan." Sannan ya juyo wurina: "Kawu, wannan na tsalle-tsalle ne a fili. In ya sako gangara da shi, a cikin kwata za ku ɗauko shi." Wanda ya hana mu ɗin ya fi wanda ya sayar mana tsada. A kasuwar nan tamu ba kullum ake ganin haka ba.

Bambancin daga taya ya fara. Ta gajeren allo ƙarama ce, milimita 52 zuwa 54, ga tauri; ana auna taurin da lamba, tata 99a ko fiye. Ɗan tsakuwa ɗaya ya ishe ta ta cije, allo ya tsaya, mutum ya wuce. Ta gangara kuwa wajen milimita 70 ce, mai faɗi, mai laushi, 78a zuwa 80a, tana taka tsakuwa ta wuce, tana kuma kama kwalta a kwana. Ba robar tayar mota ba ce, wata roba ce da ake kira yuretan. Wani Ba'amurke, Frank Nasworthy, shi ya fara sa ta a siketbod a 1972. Kafin nan tayoyin ƙarfe da na wani haɗin yumɓu ake hawa, waɗanda ba sa riƙe titi ko kaɗan. Allon kansa dogo ne, mara lanƙwasa, fallayen katakon mapul ne aka manne. Na ƙirga tara a gefen namu, na tsalle-tsalle yawanci bakwai ne. Mai shagon ya nuna min yadda yake duba gefen kowane allo ko ruwa ya shiga fallayen sun fara darewa. Waɗanda suka dare ya ware su gefe, masu koyo ke hawa a fili, ba ya sayarwa don gangara. Namu naira 85,000 na biya, da ƙafafunsa da tayoyinsa, bayan ciniki mai tsawo.

Inda na gane ya san aikinsa shi ne wajen ƙarfen da ke riƙe da taya, wanda yaran ke kira tirok. A tsakiyarsa akwai babban bol guda da bushin biyu na roba, sama da ƙasa. Ba sitiyari; mahayi ya karkata jikinsa, bushin ya matsu, sandar taya ta juya. Abin da ke zubar da yawancin masu koyo shi ne rawar da allo ke kamawa in gudu ya yi yawa: ya fara kaɗawa dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ya watsar da mutum. Yara suna ganin maganin shi ne a ɗaure notin bol ɗin tamau, sai bushin ya kumbura ya fashe, allon kuma ya ƙi shan kwana. Shi ba ya yin haka. Sikeli ya jawo daga ƙarƙashin benci ya ɗora yaron, sannan ya zaɓo bushin daidai nauyinsa, ya sa mai ɗan tauri a baya, mai laushi a gaba. Ya kuma canja gindin tirok ɗin baya daga mai digiri 50 zuwa mai 44, don ƙafar baya ta rage juyawa. Sauran maganin a jikin mahayi yake: nauyi kan ƙafar gaba, gwiwa a lanƙwashe, kada a sandare. Duk bakaniken da ya taɓa gyara babur mai kaɗa kai zai gane wannan lissafin nan take.

Boris kuma, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, lamba 608 ne, rami milimita 8, faɗi 22, kauri 7, biyu a kowace taya. Yana da na cikin kwali mai suna, amma da bakinsa ya ce min, "Kawu, ai kuna da shi a layinku, kada ka ɓata kuɗinka." Gaskiya ne, boris ɗin ƙananan injinan lantarki ne, muna da shi a Dilimi da araha. Lambar ABEC da ake bugawa a jiki, 5 ko 7 ko 9, ma'aunin daidaiton ƙira ne don injina masu juyi da sauri sosai, ba ita ke sa allo gudu ba. Abin lura shi ne a sayi mai murfin roba, wanda aka rubuta 2RS, ba mai murfin ƙarfe ba, saboda ƙurar hunturu, kuma kada a manta ɗan bututun da ke shiga tsakanin boris biyu. Inda muka saɓa da shi wajen mai ne. Shi siririn mai yake ɗigawa don taya ta yi ta juyi. Ni na ce a ƙurar Jos ɗan giris mara kauri ya fi kare boris, gangara kuma ba ta rasa gudu balle a ce giris ya rage shi. Har yau bai yarda ba, ni ma haka. Na yaronmu giris ne a ciki.

Wani abu da zai ba kanikawa haushi: notocin duk na inci ne. Na taya rabin inci, na babban bol 9/16, na ɗaure tirok da allo 3/8. Sifana 13 tana kama na taya, amma 14 ba ta shiga na babban bol, 15 kuma sai ta zame ta cinye kan notin. A sayi 'yar sifanarsu mai kai uku a huta.

Safar hannunsa ta gida ce, kuma ta fi komai burge ni. Safar fata ce irin ta masu walda, a tafin an ɗinka Velcro, sai a manna wani faifan roba da aka yanko daga farantin da mata ke yanka albasa a kai. Wani shumeka da ke maƙwabtaka da shi ke ɗinkin. In faifan ya cinye a ɓalle a sa wani. Shumekan nan kuma yana manna guntun tsohuwar taya a ƙasan takalmi, don da takalmi ake taka birki, kuma kambas na yau da kullum ba ya jure wa kwalta. Safar waje da ya rataye don gwaji ta ninka ta gida kuɗi sau da yawa, aikin kuma ɗaya ne.

Koyarwa ranar Asabar ce da safe, a wani filin ajiye motoci, naira 2,000 har da aron allo. Dokarsa ita ce ba wanda zai je tudu sai ya iya tsayawa iri biyu. Na farko da ƙafa: ka sauke ƙafar baya ka ja ta a kwalta a hankali, nauyinka yana kan ta gaba. Wannan yana aiki in gudu bai yi yawa ba. Na biyu shi ne ainihin birkin gangara: ka durƙusa, ka dafa kwalta da faifan safar, ka juya allon a gicciye, tayoyi huɗu su goge titi har gudu ya mutu. Salon yana ɗauke da sunan Cliff Coleman, wani tsohon mahayi na Berkeley a Kalifoniya da ya yaɗa shi. Yaronmu ya yi makonni a wannan fili yana ƙorafi, abokansa na tudu shi yana goge wando. In ya kawo min ƙara sai in ce ya je ya gaya wa uwarsa. A wajen koyon ne ya riƙe allon a gicciye cak, taya ta daina juyi ta cinye gefe guda, ta koma tana kaf-kaf-kaf a titi. Na ɗauka sai sabuwa. Mai shagon ya ce a kai wa mai injin tana ya zagaye ta, aka rage ta kaɗan ta dawo daidai.

Yanzu hular kwano. Kwando guda ne a bakin ƙofa cike da hulunan gwanjo, na masu keke, na masu siketbod, wasu ma na yara ƙanana. Cikin irin wannan hula farin soso ne mai tauri, aikinsa shi ne ya murƙushe ya shanye bugu maimakon ƙoƙon kai. Kamar ashana yake, sau ɗaya yake kamawa. In ya taɓa shan bugu ya gama aiki, ko da bayan hular na sheƙi. Hular da ta fito daga kwantena ba wanda zai gaya maka kan wa ta taɓa ceta a Turai kafin a jefar da ita. Na zazzage kwandon na duba ɗaya bayan ɗaya. Wasu an ɓanɓare takardar ciki da ke nuna ma'aunin da suka cika, irin su CPSC na Amurka ko EN 1078 na Turai, da ranar ƙira. Biyu na ga tsaga a soson da idona. Kuma ba ko ɗaya mai rufe haɓa, alhali a manyan gasannin gangara mai rufe fuska duka ake wajabtawa, tare da rigar fata daga wuya har idon sawu. Wasu yaran hular babur suke ɗaukowa, wadda ta fi ba komai, sai dai tana da nauyi, kuma in mahayi ya sunkuya ya mai da hannu baya don iska, goshinta yana tare masa hanya. Mu da muka ga watan Janairun 2009, lokacin da aka tilasta wa 'yan acaɓa hular kwano wasu suka kifa ƙwarya a ka, mun san yadda ake sa abu don a ce an sa.

Gasar an yi ta ne a titin wani sabon rukunin gidaje ta wajen Lamingo, an zuba kwalta amma ba a gama gini ba, ƙofa ɗaya ce kuma masu gadi sun yarda su rufe. Wannan zaɓi ya yi. A Amurka ma titin da ya fi suna a wasan, Maryhill a jihar Washinton, wanda Sam Hill ya gina a 1911, darajarsa ita ce motoci ba sa binsa. An sa ranar Asabar, don Juma'a akwai masallaci, Lahadi akwai coci, kuma ana son kowa ya zo. Tun da asuba yaran suka fito da tsintsiya suka share titin daga sama har ƙasa, musamman kwanoni, don yashi a kwana shi ne abokin gabar taya. A ƙasashen waje damin ciyawa ake jerawa a gefen kwana. Su buhunan garin katako suka ɗebo daga kasuwar Katako, na taɓa na ji sun yi laushi yadda ake so. Tsarin irin na ko'ina ne: kowa ya fara sakowa shi kaɗai a ɗauki lokacinsa, sannan a riƙa sakin huɗu-huɗu, biyun farko su wuce gaba. A kowace kwana akwai mai usur da jan ƙyalle.

Gudun, bisa wayar da wani ya sa a aljihu, wajen kilomita 50 ne a awa. A takarda ba wani abu ba ne, Keke ma tana yi. Tsaya a bakin kwana ka ga mutum huɗu a sunkuye, kai kusa da bayan na gaba don ya fake daga iska, sannan duk su dafa ƙasa lokaci guda tayoyi na kuka, za ka canja magana. Wanda ya kafa tarihin gudu a tsaye kan allo, Peter Connolly ɗan Ingila, ya yi kilomita 146.73 a awa a Kebek ta Kanada a 2017. Yaran duk sun haddace wannan lamba. Sun kuma san cewa da siketbod ya shiga Olamfik a Tokyo, na tsalle-tsalle kawai aka ɗauka, ba a sa na gangara ba, abin yana musu ciwo.

Mahayan daga ko'ina suke: Unguwar Rogo, Tudun Wada, Rayfield, Bukuru, ɗaliban jami'a daga Naraguta, har da wasu da suka taso daga Abuja. Akwai 'yan mata, ɗaya ta cusa hijabinta cikin riga ta ɗora hula a kai, kuma ta fi maza da yawa iya shan kwana. Hausa ake yi da Turancin buroka a cakuɗe. Notin tayar wani ya ɓace ana dab da sakinsu, wanda za su kara da shi ya kwance na tsohon allonsa ya ba shi, aka jira ya ɗaure. Wanda ya zauna a Jos a 2001 da 2008 da 2010 ya san akwai unguwannin da aka daɗe ba a shiga wa juna. Yaronmu yanzu yana da abokai a cikinsu, yana zuwa ya ci gwate ya dawo. Kyautar wanda ya zo na ɗaya tayoyi huɗu ne sababbi. Namu a zagaye na biyu aka cire shi, ya dawo da fatarsa cikakkiya, ni kuwa abin da na je nema ke nan.

Shirin yana da gyara. An ce ƙarfe 7, ba a fara ba sai bayan 9, rana ta yi, 'yan kallo sun gaji sun fara tsallaka titi. A kwana ta ƙarshe akwai kwata a buɗe bayan buhunan, ba wanda ya rufe ta. Mafi muni, ba motar da aka ajiye don wanda ya ji rauni. Wata ɗalibar aikin jinya ce kawai da jakar auduga da aidin. Da wani yaro ya kama rawar allo a miƙaƙƙen wuri ya faɗi, kafaɗa ta goce, kwalta ta ɗebe masa fatar cinya, a Kekena aka kai shi asibiti. Gasar Signal Hill ta Kalifoniya, wadda aka fara a 1975, munanan raunuka ne suka kashe ta bayan ta 1978. Tamu ƙarama ce, rauni guda mai muni ya isa masu gadi su ce ba su ƙara buɗe ƙofa.

Hular yaron da ya faɗi daga kwandon shagon ta fito, kuma ta yi aikinta, soson ya rabe biyu, kai bai taɓu ba. Ina dawowa na tarar mai shagon ya sa guduma ya farfasa ta don kada wani ya tsinta ya sa. Wato ya san zancen sarai. Na ce masa, "Ɗana, kai da ka san haka, me ya sa kake sayar da wadda ba ka san tarihinta ba?" Ya ce, "Kawu, sabuwa ta fi ƙarfinsu. In ban ajiye waɗannan ba, da kai tsirara za su hau." Akwai gaskiya a ciki. Amma mutumin da ya hana ni sayen boris mai tsada, ya ware allunan da suka dare, ya kamata ya zubar da masu tsagar, ya kuma gaya wa kowane uba abin da yake saye. Wannan bai yi ba sai da na tambaya.

Abu guda da ba ya wasa da shi, Hawan Kibo. Kowane yaro da ya fara jin ƙafarsa ta zauna sai ya fara zancen wannan gangara ta hanyar Akwanga. Ya gaya musu duk wanda ya je can da allo kada ya sake taka masa shago, kuma ba a ƙara sa shi a gasa. Hanyar tirela da tanka ce, waɗanda su kansu birki ke tsinke musu. Ko a cikin gari ba ya barin su sako titin da mota ke bi sai da mai tsaron mahaɗa.

Sauran ƙananan abubuwa: ba ya buɗewa da wuri, kafin 11 da wuya ka same shi, ranar Asabar kuma sai bayan koyarwa. Ba ya ba da rasit, don haka a tura kuɗin ta banki a sami shaida. Sababbin tayoyi sai an yi oda, farashinsu yana bin dala, jiran kuma yana iya kai wata. A je da yaron da zai hau, saboda awon nauyi da faɗin tsayuwarsa. In ruwa ya sauka ba koyarwa, don yuretan ba ya kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Hular yaronmu sabuwa na sa aka kawo daga Abuja, mai rufe haɓa, da takardarta a ciki, kuɗinta ya kusa rabin na allon. Suna shirin wata gasar kafin hunturu ya yi tsanani. Na ce zan kawo falankai a rufe kwatar, Kekena kuma za ta tsaya a ƙasan tudu da mai a tanki, da sharaɗin a fara ƙarfe 7.